Shafin Baba Ya Kama Gilashi

Ranar Talata da hantsi monitata, wato allon kwamfutata, ta yi wani siririn fito irin na butar shayi, hoton da ke kanta ya tsuke ta sama da ta ƙasa har ya koma farin zare guda a tsakiya. Na yi maza na kashe ta. Ban firgita ba. Shekara goma sha uku muna tare, na san ciwukanta fiye da yadda na san nawa. Ko dai 'yar kafastar da ke tara wuta a cikinta ce ta bushe, ko dalma ta saki a wani wuri saboda damshin damina. Aikin rabin awa ne a shagon Hamisu mai gyara a Makarfi.

Sunana Iliyasu, malamin gona ne ni a ƙaramar hukumar Kudan, gidanmu kuma a Hunkuyi yake. Mahaifinmu, marigayi Alaramma Mu'awiyya, ya rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, da hannunsa. Yayana Malam Muhammadu Sani ya gaji karatun da makarantar da zauren. Ni na gaji hancin. A izu goma sha biyu na tsaya, daga nan na bi boko har ta kai ni inda nake koya wa manoman da suka fi ni iya noma yadda ake zuba taki.

Bayan rasuwar Baba na ga damshi ya fara cin gefen fallayen mus'hafin nan a cikin gafaka. Shi ne na ɗora wa kaina aikin da babu wanda ya sa ni: in ɗauki hoton kowane falle, gaba da baya, da waya a kan wani ɗan katako da na ƙera, in zuba a kwamfuta, in duba ko komai ya fito. Falle ɗari biyar da 'yan kai. Shekara huɗu ina yi Asabar da Lahadi, na kai Suratu Maryam.

Masu ganin monitar nan dariya suke yi. Mai doro ce, irin ta da, nauyinta ya kai rabin buhun taki, na samo ta ne a wani shagon buga takardu da ya rufe a Zariya. Amma rubutun Baba launi uku ne: baƙar tawada, jan wasali, da ɗigon rawaya na hamza, a kan takardar da tsufa ya mayar da ita kalar kunun gyaɗa. A kan falat ɗin nan marar doro da kowa ke yayi, rawayar nutsewa take a cikin takarda, jan ya koma manja, in kuma ka ɗan karkata kai komai ya sauya. A kan mai doro kowane launi yana tsaye a inda Baba ya ajiye shi. Shi ya sa nake lulluɓe ta da zane, nake hure mata kafofin iska, na ɗora teburinta a kan bulo nesa da bango, na hana kowa ajiye rediyo kusa da ita. Matata Mero ta ce 'ya'yanmu biyar babu wanda ya ga irin wannan raino.

To, na cire wayoyi, na rungumo ta daga ɗakina da ke jikin zaure, na fito da ita tsakar gida inda mashin yake. Rana ta ɗan buɗe bayan ruwan asuba, Mero tana shanya kuɓewa. Na ɗora monitar a bayan mashin, na juya neman roba.

"Baban Naja'atu, ba ka kashe ta ba ne?" in ji Mero.

"Ga wayar wutar a hannuna."

"To wannan rubutun fa?"

Na zagayo na duba. A cikin ɗaki ban taɓa lura ba, don gilashin duhu ne ɗakin ma duhu. A rana kuwa ga shi nan ɓaro-ɓaro: shafin farko na Baƙara, da zayyanar da Baba ya kewaye shi da ita, haruffan fari-fari a kan fili mai ɗan duhu. Babu wuta, babu kwamfuta, amma ana iya karantawa.

Mero ta saki faifan kuɓewa ta kama salati. Kafin in buɗe baki ta yi sashen Yaya, mayafi a hannu.

Ni kuwa na san abin da ya faru, kuma na san mai laifi. Baƙin Yaya suna son ganin hannun Alaramma, ba kuma kullum za a riƙa buɗe gafaka ba, sai na mayar da wannan shafin ya zama shi ne hoton da ke tsaye a kan monitar duk lokacin da ba na aiki. Da farko in ta yi minti biyar ba a taɓa ta ba, sai wasu kifaye su fito suna iyo, don kada hoto ɗaya ya daɗe a wuri guda. Wata rana Yaya ya shigo da wani baƙo daga Ikara, suna cikin kallo kifi ya ratsa ta kan aya. Ya kalle ni kallo ɗaya ya ce, "Cire wannan shirmen." Na cire. Daga baya da monitar ta fara dushewa saboda tsufa, dattawa suka ce ba sa gani, na murɗe hasken har ƙarshe. Shekara huɗu, kullum daga hantsi zuwa la'asar, a kan batirin solata, shafi ɗaya. Ko ƙarfe ne ya ɗauki tambari.

Yaya ya fito a hankali kamar yadda yake yin komai, carbi a hannu. Ya sunkuya, ya daɗe yana kallo, leɓɓansa na motsi.

"Iliyasu, kana da alwala?"

"Yaya, monita ce."

"Na tambaye ka."

"Ba ni da ita."

"To matsa." Ya naɗe hannun riga, shi da ciwon bayansa, ya ɗauke ta daga kan mashin ya rungume.

Na bi shi har zaure ina bayani. Na ce a bayan gilashin akwai wata hoda da ke yin haske in wuta ta doke ta. Inda aka fi doka ya gaji ya yi duhu, inda tawada ta kare bai gaji ba. Ƙuna ce, kamar shaidar dutsen guga a riga. Na ce ba karama ba ce, ba ishara ba ce, sakaci ne.

Ya ajiye ta a kan akwatin littattafai, ya huta, sannan ya ce, "Wa ya ce maka karama ce? Tawada ma gawayi ne da ƙaro. Ka taɓa ganin an taka ta bayan ta zama aya?"

Abin da ya fi ƙona min rai game da yayana ke nan. Da wawa ne da na huta.

Ya yanke hukunci a tsaye, ba tare da ɗaga murya ba. Ba za a ɗaure ta a bayan mashin mutum ya ba ta baya ya zauna ba. Ba za a kai ta shagon Hamisu ba, inda ake jibge kaya a ƙasa ana tsallakewa, kiɗa na tashi. Mus'hafin da ya lalace kuwa kowa ya san yadda ake yi da shi: a naɗe shi a ƙyalle mai tsarki a binne inda ƙafa ba ta bi. Ranar Juma'a bayan an sauko, a gindin ɗorawar gonar Baba.

"Binnewa? Yaya, ba ta mutu ba! Kafasta ce guda ɗaya, ba ta kai ƙwayar gyaɗa biyu ba!"

"In ta tashi kafin Juma'a, sai mu sake magana."

"Ta tashi yaya, an hana ta zuwa asibiti?"

"Likita ba ya da ƙafa?"

Shekarata hamsin da ɗaya. Ina da furfura a gemu, ina da jika a Kudan, ana tashi tsaye in na shiga taron manoma. Na tsaya a zauren ubana ina kallo aka lulluɓe kayana da farin ƙyalle, kuma abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, Yaya." Na koma ciki na huce a kan Mero, wadda ta ce min ita dai ta ga abin da ta gani, in ina da ƙarfin faɗa ga zaure can.

Kafin la'asar labari ya kai kasuwar hatsi. Washegari da safe na tarar da takalma a ƙofar zaure kamar ana ɗaurin aure. Har daga Likoro. Yaya yana zaune yana gaya wa kowa, ɗaya bayan ɗaya, cewa ba karama ba ce, ƙuna ce, ƙaninsa ya yi bayani. Su kuma suna gyaɗa kai suna cewa Allahu Akbar, Alaramma ai ba ƙaramin mutum ba ne. Wani tsoho ya shafa gilashin da tafin hannu ya shafe fuskarsa. Gilashin da ban taɓa gogewa da komai ba sai tsumman tabarau. Na ga sawun yatsunsa biyar, da maiƙon ƙosai. Na hau mashin na kama hanyar Makarfi kafin in faɗi abin da za a yi shekara goma ana maimaita min.

Shagon Hamisu yana bayan masu rake, ɗaki guda cike da gawarwakin talabijin har rufi. Sa'ana ne, tare muka yi firamare, kuma tun lokacin bakinsa bai gyaru ba.

"A'a, malamin taki! Ina tsohuwar? Ko ta cika?"

Na ba shi labari. Ya yi dariya har ya ajiye abin da ke hannunsa ya riƙe ciki.

"Wato jana'iza ka zo gayyata."

"Gyara na zo gayyata. Gobe."

"Ni ba na bin gidaje, ba ungozoma ba ne ni. Kai Iliyasu, ka ji tsoron Allah ka bar tsohuwar nan ta huta. Zo ka gani." Ya jawo ni ciki ya nuna min falat guda uku a kan benci. Ɗaya talabijin ce babba, ɗaya doguwa ce mai sheƙi, ɗaya kuma ƙarama ce mai kauri da aka kwaso daga wani ofis. "Kowacce cikinsu wutar da za ta ci a wuni, taka a awa biyu take shanye ta. Batirinka har addu'a zai yi maka."

Na zaro filashin da nake yawo da hotunan mus'hafin a ciki na ce ya saka. Muka buɗe shafi ɗaya a kan dukkansu. Talabijin ta mayar da jan wasalin Baba kamar jan bakin amarya. Mai sheƙin ta nuna min fuskata a tsakiyar sura, ba kuma fuskar da nake son gani ba ce a ranar. Ƙaramar ta ofis ta ɗan yi hankali, ko ta gefe ka kalle ta launin bai gudu ba, amma baƙinta ba baƙi ba ne, toka ce.

"Wannan ce tawadar Baba? Wannan ruwan wankin tukunya?"

"Kai kaɗai kake ganin bambancin a duk ƙasar Zazzau."

"Shi ya sa ni nake aikin."

Ya sosa gemu da sukundireba. Na san inda zan kama shi. Na ce ba komai, na ji an ce akwai wani a Ikara da har yanzu ya iya buɗe mai doro, tunda su Hamisu yanzu sai canza gilashin waya.

"Wa? Wane ɗan iskan ne a Ikara?" Ya miƙe. "Rabon da wani ya kawo min mai doro shekara uku, kuma kai ne. Wanda ke Ikara in ya sa hannu a bayanta sai dai a kwashe shi. Gobe bayan azahar. Ka ce wa Mero ina cin dambu."

Ranar Alhamis aka wuni ana ruwa. Azahar ta wuce, babu Hamisu. Na yi ta safa da marwa tsakanin zaure da bakin titi, Yaya yana kallona ta saman tabarau. Har na ji yana tambayar wani maƙwabci ko zai ara masa diga gobe. Sai bayan la'asar mashin ɗin Hamisu ya tsaya, shi da jakar kayan aikinsa sun jiƙe sharkaf.

Ya durƙusa ya gaida Yaya gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da ɗalibai da ruwa da gona, kamar ba shi ne jiya ya kira abin jana'iza ba. Yaya ya amsa duka, sannan ya nuna masa buta.

"Allah gafarta Malam, da alwalata na taso."

"Hanya tana da nisa. Sabunta."

Ya sabunta. Ni ma na yi, ba tare da an ce min ba, abin da ya ƙara ba ni haushin kaina. Dattawa huɗu da suka fake wa ruwa suka gyara zama.

Hamisu ya shimfiɗa tsumma a kan tabarma, ya kama monitar zai kifa ta a kan fuskarta, yadda ake yi in za a cire murfin baya.

"Dakata," in ji Yaya. "Rubutun za ka kifa a ƙasa?"

"Malam, ta baya ake shiga."

"Shiga ta baya. Fuskar ba za ta taɓa ƙasa ba."

Suka juyo su biyu suna kallona. Haka na zauna na tanƙwashe ƙafa, aka ɗora min rabin buhun taki a cinya, gilashin a ƙirjina, na zagaye ta da hannu biyu. Hamisu ya kwance sukurori, ya zare murfin. Ƙura da gawar gizo-gizo guda, duk da hurawar da nake yi.

"Kada ka motsa, kada ka taɓa komai," ya ce. "Ko a kashe take tana riƙe da wutar da za ta jefar da bijimin sa." Ya ɗaura waya a jikin sukundireba, ya maƙala ɗaya bakin a ƙarfen jikinta, ya zura a ƙarƙashin wata baƙar roba da ke manne a doron.

Tas!

Dattawan nan suka zabura da salati, ɗaya ya bar takalminsa ya kai ƙofa. Ni kuma da abin ya yi ƙara a kan cikina, Allah ne kaɗai ya sa ban sake ta ba.

"Ta yi atishawa, Malam," in ji Hamisu. "Da sauran rai."

Yaya bai yi dariya ba, amma na ga gemunsa ya motsa.

Kusan awa guda na yi a haka. Ƙafafuna suka mutu, bayana ya kama wuta, gumi yana bin gilashi ina gogewa da haɓa. Hamisu yana leƙe da tocila yana surutu shi kaɗai. Ya nuno min kafastar, ta kumbura ta yi ciki. Ya kuma gano ƙafafun waya uku a kan allon cikinta da dalmarsu ta tsage zobe-zobe. Da yake babu wuta a gari, ya jona ƙarfen dalmarsa a inbatar da ke juya min wutar sola, ya ciro wata kafasta daga wani tsohon allon talabijin da ya zo da shi, ya dasa. Warin dalma ya cika zauren da bai saba da komai ba sai turare da tawada.

Aka mayar da murfi, aka ɗauke min ita. Na kasa tashi, sai da rarrafe na jawo kwamfutar daga ɗakina na jona. Na danna. Ta yi ɗan gurnaninta da na sani, ta yi shiru, sannan haske ya buɗe a hankali daga tsakiya har ya cika gilashin, sama da ƙasa.

Ban san lokacin da na ce, "To! A mayar wa mai diga digarsa!" ba.

Don in ƙara wa nasarar gishiri, na buɗe shafin da nake aiki a kai, cikin Maryam, na cika fuskar da shi, na ja baya don kowa ya ga abin da ake shirin binnewa.



Ga rubutun Baba, baƙi da ja da rawaya. A ƙarƙashinsa kuma, ko a kansa, ga ɗayan shafin yana leƙowa, layi yana ratsa layi, zayyanar Baƙara ta yi wa Maryam ƙawanya. Inda ƙunar ta fi yawa takardar ta yi duhu, ɗigon rawayar da nake alfahari da shi ya koma kalar ƙasa. Ba yau ya fara ba. A hankali ya riƙa zuwa, idona yana sabawa, ina zaune a ɗaki mai duhu ina yabon launi. Yanzu da na san yana nan, babu yadda zan yi in daina ganinsa.

"Aya a kan aya," in ji Yaya, a hankali. Ya juya ga Hamisu. "Yana goguwa?"

"Ba ya goguwa, Malam. Sai dai a bar ta da farin haske tsantsa wata da watanni har ko'ina ya ƙone daidai. Kafin nan ta makance."

"To. Tunda ta tashi ba za a binne ta ba, na faɗa kuma ban janye ba. Amma ba za a riƙa ɗora wani rubutu a kan wannan ba. Shafinta za ta riƙa nunawa, shi kaɗai, ya hau kan sawunsa. A nan zaure."

Nan ne abin da na haɗiye tun Talata ya taso.

"A nan zaure! Shekara goma sha uku ina rainonta, ban taɓa ganin wani ya miƙo min tsumma ba. Shekara huɗu ina ƙona Asabar da Lahadina a kan littafin da ke cikin gafakarka yana ruɓewa, kai da ka haddace shi ba ka taɓa tambayata na kai ina ba. Baƙinka suka cinye mata haske. Kai ka ce in cire kifi! Kifin nan shi ne ke tsare ta! Yanzu ta ƙone saboda ku, kuma ladan da zan samu shi ne a ƙwace ta a kafa a zaure mutane su riƙa shafa mata man ƙosai?"

Dattawa suka sunkuyar da kai. Hamisu ya shiga tattara sukurorin da ba su zube ba. A gidanmu ba a taɓa ɗaga wa Yaya murya ba, balle a gaban baƙi.

Ya bar ni na gama. Ya ja carbi ɗaya, biyu.

"Na ce ka cire kifi, gaskiya ne. Ka gaya min aikin da kifin yake yi?"

Na buɗe baki, ya riga ni.

"Da ka ce min, Yaya, in aka cire wannan rubutun zai kama gilashi, kana ganin zan ce a bari ya kama? Sai in ce ka riƙa kashe ta in baƙi sun tafi. Kai ne masanin abin. Ni karatu na sani. Ka yi shiru ka ce to."

 Na tuna ranar sarai. Na san abin da zai faru, har na ji maganar ta zo min maƙogwaro, na ga kallon nan nasa, na danna na cire. Malamin gonan da ke tsayawa gaban mutum hamsin yana gaya musu sun yi kuskuren tazarar shuka ya kasa yi wa yayansa bayanin kifi.

"Ka kai Maryam, na sani," ya ƙara da cewa. "Mero tana gaya wa uwargidana."

Wannan ma bai sanyaya min rai ba. Ya ƙara min haushi ne, don ya rage min abin da zan riƙe.

Hamisu ya ci dambunsa a tsaye, ruwa ya tsagaita. Da na raka shi bakin mashin ya ce, "Ƙaramar nan ta ofis, zan ɗauke ta daga kan benci in ajiye maka. Tokar za ka saba da ita."

"Ba zan saba ba."

"Ka saba da Baƙara a cikin Maryam, malamin taki."

Ya tayar da mashin kafin in sami dutse.

Ranar Juma'a da hantsi, maimakon gindin ɗorawa, ni da kaina na kafa katako a bangon zaure, sama da kan mai zama, inda hannun tsoho ba zai kai ba. Na bar tazarar taƙi guda tsakaninta da bango saboda damshi. Na huda ƙofa na ratso da waya daga ɗakina, don kwamfutar da batirin suna nan a wurina. Na yi alwala, na ɗauke ta na ɗora. Na buɗe shafin, na yi ta matsar da shi kaɗan-kaɗan har kowane harafi ya zauna daidai a kan sawunsa. Na kafa sharaɗi ɗaya, da murya mai ƙarfi wannan karon: awa biyu a rana, in baƙi sun tafi a kashe. Yaya ya ce ya ji.

Ya ja baya ya tsaya a tsakiyar zaure, ya ƙanƙance ido.

"Ƙara mata haske kaɗan. Dattawa ba za su gani ba."

"Yaya, hasken ne ke cinye ta. In aka ƙara, ba za ta kai baɗi ba."

"Ai kowa ma ba shi da tabbacin baɗi. Ƙara."

Na hau kan akwati. Da hannun hagu na saki labulen tagar da ke gefenta, zauren ya yi duhu. Da hannun dama na lalubo maɓallin, na rage hasken zuwa rabi.

"Yawwa," in ji Yaya. "Yanzu ya fito."